Kilo Uku da Rabi

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Asabar ɗin da aka zo Funtuwa zaɓen 'yan dambe ba, kuma har yau in na tuna sai in ji raina yana tafasa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na rasa wanda zan ɗora wa laifin. Na gwada ɗora shi a kan mutanen da suka zo daga Abuja, ya ƙi zama. Na gwada wani mai walda, to shi kuma ya riga mu gidan gaskiya (Allah ya jiƙansa, amma ya cuce ni). Duk ta inda na ɓullo wa zancen, kaina nake tararwa a tsaye.

Sana'ata sayen auduga. Manoma daga Maska da Bakori har bayan Malumfashi suna kawo mini, in auna, in tara, in tura wurin gurza. Ina kuma da ɗan yayata, Sabi'u, ɗan dambe ne, makaɗa na yi masa kirari da Gatarin Maska. Gajere ne, mai kauri, ba ya son magana, amma in ya sakar wa mutum hannun daman nan sai an kawo ruwa. Dako yake yi a kasuwa, damben kuma bai taɓa ba shi abin da ya wuce suna da kumburin fuska ba.

A damben da muka tashi muka gani babu takarda babu awo. Ka fito fili, ka miƙa wa wanda kake so hannu, in ya ga zai iya ya ɗaure zarensa ku gwabza turmi uku. In ɗaya ya yi wa ɗaya girma da yawa, manya su duba da ido su raba. Shi ke nan. Sai ga wani kamfani ya ɓullo da gasar da za a nuna a talabijin, wanda aka ɗauka za a sa hannu da shi a takarda, a riƙa biyansa kamar ma'aikaci. Su kuma nasu zaɓen sai ka ce ɗaukar soja. Ka kawo katin ɗan ƙasa, kada shekarunka su wuce talatin. A duba maka ido da hawan jini da ƙasusuwan hannu. Ka nuna bidiyon kisa uku da ka yi a fili. Bayan duk wannan a ɗora ka a sikeli, domin an raba mutane aji-aji bisa nauyi, mutum biyu kacal za a ɗauka a kowane aji daga yankinmu. Ajin da ka rubuta a fom shi ne naka, ba a canzawa ranar awo.

Sabi'u na da shekara talatin cif a lokacin. Ke nan wannan ce damarsa ta farko, ita ce kuma ta ƙarshe.

Ni na cike masa fom, ni na naɗa kaina manaja (ba wanda ya roƙe ni). Na zaɓar masa ajin 'yan ƙasa da kilo saba'in, don na san a nan babu mai iya tsaya masa. Da ya ce zai riƙa zuwa kyamis yana hawa sikelinsu, sai da na yi masa tas.

"Kai Sabi'u, kawunka shekara ashirin yana awo, za ka je wurin mai sayar da maganin mura ya gaya maka nauyinka? Ga sikeli nan a shago, na ƙarfe, wanda ke ɗaukar buhu uku lokaci guda."

"To, Kawu," ya ce. Shi ke nan maganarsa kullum.

Mako shida muna abu ɗaya. Da sassafe ya yi gudu a hanyar Maska ya dawo, ya hau sikelin auduga, ni kuma in ja dutsen awo na ƙarfe a kan sandar sikelin ina murtuke fuska kamar likita. Ranar farko saba'in da biyu ya yi. Na hana shi tuwon dare, na hana shi ƙosai, na hana shi shayi mai madara. Mutumin nan ya jure, ga dako ga yunwa, har idanunsa suka faɗa. Saura kwana goma sai ga sittin da tara. Na ce ya isa haka, kada ƙarfinsa ya tafi. Ranar Alhamis da hannuna na sayo masa tsire da fura da nono, na tsaya a kansa ina cewa, "Ci, kana da sararin kilo guda, ci ka ƙoshi." Wallahi duk lokacin da na tuna furar nan sai in ji kamar in mari kaina.

Ranar Asabar filin wata makarantar firamare ya cika maƙil. An kafa rumfa, an jera tebura, makaɗa na gefe suna ɗumama kalangu. Rabin mutanen da ke wurin manoman da ke sayar mini da auduga ne, sun zo ganin Gatarin Maska. Na sa babbar riga, na kafa hula, ina tafe ana Alhaji, Alhaji. Sabi'u ya wuce teburin kati lafiya. Ya wuce na likita lafiya. Shugaban masu zaɓen, wani dogon mutum mai tabarau, ya kalli bidiyon a wayata har ya maimaita na uku, ya ce, "Wannan hannu ne." Na ji kaina ya ƙara girma.

Sai awo. Wata nas ce ke riƙe da biro, ana ce mata Sista Ngozi, sikelin kuma ɗan fale-fale ne na gilashi mai batir, bai fi faranti ba. Sabi'u ya tuɓe riga ya hau.

"Saba'in da uku da rabi," ta ce.

Na yi dariya, na ce ya sauka ya sake hawa. Ya sake. Saba'in da uku da rabi.

Mai tabarau ya ce dokarsu in mutum ya haura da kilo ɗaya ana ba shi awa biyu ya je ya yi gumi ya dawo, amma uku da rabi babu yadda za a yi. Ya ce mu yi haƙuri, na gaba ya matso.

Nan fa na tashi. Ban san ina da murya irin wannan ba. Na ce ƙarya ne, na ce an riga an sayar da gurbin, na ce sun zo da farantin gilashi daga Abuja don su zubar da yaranmu su sa nasu. Na juya wajen jama'a ina ɗaga hannu, jama'a kuwa suka ɗauka, har wani makaɗi ya fara raka ni da kalangu. Na nuna nas ɗin da yatsa na ce me baƙuwa ta sani game da awo.

Ta ajiye biro ta dube ni. "Alhaji, a Funtuwa aka haife ni, a nan aka yanke mini cibiya. Shagon babana yana bayan naka, tun ina 'yar firamare nake gaishe ka. Ka yi faɗanka da sikeli, amma kada ka ce mini baƙuwa."

Mai hankali da nan zai yi shiru. Ni kuwa sai na ƙara wuta. Na bugi ƙirji na ce jiya da yamma da hannuna na auna shi, sittin da tara, a sikelin da ya shekara ashirin yana aiki ba a taɓa samunsa da kuskure ba. Na ce in suna da gaskiya a ɗauko nawa a gwada a gaban kowa. Mai tabarau ya ce ba ya cikin dokarsu, amma don a zauna lafiya a ɗauko. Na tura 'yan dako biyu da kura, na tsaya ina gyara wuyan riga ina jiran a ba ni haƙuri.

Sai da aka sauke sikelin a tsakiyar fili, rana ta haska ɗan kumburin waldar da ke ƙarƙashin dutsen, sannan na tuna.

Bari in faɗa kawai, tunda garin duk ya sani. Shekara tara da suka wuce na kai dutsen nan wurin mai walda, na ce ya liƙa masa ɗan ƙarfe kaɗan daga ƙasa. In dutse ya ƙara nauyi, kaya sai su riƙa nuna ƙasa da yadda suke. A lokacin na gaya wa kaina ai manoma na yayyafa wa auduga ruwa, wasu har da yashi, don haka ba cuta ba ce, ramuwa ce. Na yi ta faɗa wa kaina haka har na daina faɗa, daga nan kuma na manta ɗungurungum. Kullum hannuna na kan dutsen nan, amma ban ƙara jin kumburin ba. Kuma a kan wannan sikelin na yi mako shida ina auna ɗan yayata.

 Na sassauta murya na ce, "To, ai ba sai an ja magana ba, tunda dokarku ce, a bar shi kawai."

"A'a, Alhaji, ba za a bar shi ba."

Malam Isuhu ne, wani dattijon manomi daga Bakori. Shekara da shekaru yana kawo mini auduga, sau biyu yana ce mini buhunansa na raguwa a shagona, sau biyu ina ce masa tsufa ne ya fara taɓa masa lissafi. Ya fito daga cikin mutane da sandarsa, fuskarsa babu fushi ko kaɗan, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

"Ai kai ka ce a gwada a gaban kowa. Mutum yana ci yana sha, nauyinsa na hawa yana sauka. A ɗauko buhun takin zamani sabo, wanda ba a farke ba. Kowa a nan ya san kilo hamsin ne."

Shagon taki na tsallaken titi. Kafin in samo abin cewa har an sungumo buhu. Aka ɗora shi a farantin gilashin da na gama zagi, Sista Ngozi ta karanta da ƙarfi, "Hamsin." Aka ɗora a nawa. Na miƙa hannu zan ja dutsen, Malam Isuhu ya tare ni da sanda ya ce shi zai ja. Ya ja a hankali, yana ɗan buga shi da farce, har sanda ta tsaya daidai. Ya sunkuya ya duba, ya kira wani malamin makaranta ya duba masa.

"Arba'in da bakwai," in ji malamin.

Mai kalangun ya sauke hannu. Na ga manoma suna duban juna, leɓunansu na motsi, kowa na tuno buhunan da ya kawo mini. Malam Isuhu ya zare dutsen, ya juya shi, ya shafa waldar da babban yatsa, ya miƙa wa na kusa da shi. Haka dutsen ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, ina tsaye cikin babbar riga. Wani daga baya ya ce, "Ashe Alhaji ne babban ɗan damben, shekara nawa yana kashe mu ba mu sani ba!" Aka fashe da dariya, amma ba irin dariyar da ake yi da kai ba.

Duk wannan bai kai duban da Sabi'u ya yi mini ba. Yana tsaye babu riga, haƙarƙarinsa a fili saboda yunwar da na sa shi. Da a kyamis ya riƙa hawa sikeli, da ya san gaskiya tun da sauran mako shida, kuma na san shi, da ya sauke kilon nan ko da zai rayu a kan ruwa. Na je wurin mai tabarau na roƙa, na ce laifina ne, a mai da shi ajin sama. Ya ce ba a canza aji ranar awo, kuma ma ajin sama an cike shi tun ɗazu. Sabi'u ya ɗauki rigarsa ya sa, ya ce, "Kawu, da ka bar ni na je kyamis." Ya fice daga filin a ƙafa.

Gurbin nasa wani ɗan Musawa aka ba wa, wanda Sabi'u ya taɓa kashewa sau biyu a turmin farko. Watanni bayan haka na wuce ta kasuwa na tarar da 'yan dako sun taru a kan waya ɗaya suna kallon yaron nan a talabijin ɗin gasar, an sa masa wando mai sheƙi ana kiran sunansa a lasifika. Sabi'u na gefe da buhun masara a ka, bai ko tsaya ba. Uwarsa, yayata, ta yi wata huɗu ba ta amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba.

Na sayi sabon sikeli, irin mai batir ɗin da na zaga. Rabin manomana sun koma wurin wani. Waɗanda suka rage kuwa sun kafa mini doka, akwai buhun taki guda da ke zaune a bakin shagona, ba a auna audugar kowa sai an fara ɗora shi. Malam Isuhu da kansa yake zuwa duba ɗinkin buhun ko na farke. Sabi'u ya dawo yana gaishe ni, amma ko cewa na yi yau an yi zafi, sai ya ɗago kai ya ce, "A sikelin wa, Kawu?"

Abin da na koya bai da yawa. Tsohon dutsen yana nan a aljihun teburina, Malam Isuhu ne ya dawo mini da shi ya ce in ajiye. Duk ranar da na ji bakina na ƙaiƙayin kiran wani macuci a gaban jama'a, sai in jawo aljihun in shafa waldar nan tukuna, kuma har yau ban taɓa shafawa na ci gaba da maganar ba.