Katakon da Na Sa Aka Sauke

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da muka kai garar jikata Hadiza Dugabau. Daminar da ta biyo bayan kullen korona ce, wadda rijiyar ƙofar gidanmu ta rufta, tun ba a canja kuɗi ba. Ni ban san lissafin boko ba, da irin waɗannan nake gane shekara.

Duk garinmu Mainika an san ni da abu biyu: iya nakiya da kunyar suruki. Mijin 'yata ta fari (ita ba na faɗin sunanta, balle nasa) shekara talatin yana shigowa gidana, ban taɓa yarda mun haɗa ido ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango. In da magana, sai dai a aika. Har gori nake yi wa matan yanzu masu zama su ci tuwo a gaban surukai.

To, shi ne mai a-kori-kura, shi zai kai mu. Da safe na fito duba lodi, sai na tarar da tarkace a bayan motar: katako biyu duk busasshen taɓo, wani shebur mai karyayyen baki, da igiya mai kaurin hannuna, baƙa ƙirin da mai. A nan za a jera alkakina da dubulan? Na kira Laure, taubashiyata, wadda ita ce bakina a wajensa.

"Laure, ki ce masa gara muke kaiwa, ba taki ba. A sauke ƙazantar nan."

Yana tsaye taku uku daga inda nake, ya ji komai. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo Laure, a gaya wa Inna an kwana ana ruwa, kuma akwai fadama a gaba."

Na ce, "Ki ce masa da ƙafa na ratsa fadamar nan tun ba a haife shi ba."

Ya sauke su ɗaya bayan ɗaya, ya jingine a katanga. Jak ɗin ɗaga mota kaɗai ya tsira, don yana ƙarƙashin kujerar direba, idona bai kai ba. A gurbin katakon na dasa 'yar kujerata ta tsuguno, wadda marigayi Malam ya sayo mini ina amarya, na hakimce a kai.

Muna barin kwalta muka kama hanyar ƙasa, tafiya ta yi daɗi har Laure ta fara gyangyaɗi. Sai fadama. Mota ta shiga, ta yi gurnani, ta tsaya. Ya ba ta wuta, tayoyin baya suka dinga juyawa a wuri ɗaya suna feshin caɓi, tana ƙara nutsewa. Mun kafe a tsakiya.

Aka ce kowa ya sauka a rage nauyi. Sauran mata huɗu suka bi ta gefen ciyawa suka haye tudu. Laure ta miƙo mini hannu, na ce ta riƙe abinta. Na tattare leshina, na zuro ƙafa inda na ga ya yi sumul. Ashe nan ne ramin. Na lume har cinya. Na ja dama, takalmi ya zauna a ciki. Na ja hagu, gwiwar da ke damuna ta ce ba da ita ba. Laure ta zo ja na, dariya ta kashe mata jiki.

"Uwar iyayi! Ba ke ce kika ratsa ta da ƙafa ba? To ratsa mana!"

Ina cikin zaginta na ji tafiya a ruwa. Surukina ne. Ya zo gabana ya juya mini baya, ya tsuguna cikin taɓon har ya kai masa ƙugu. Wallahi na roƙi Allah ƙasar ta ƙarasa haɗiye ni. A hankali ya ce:

"Gwaggo Laure, a gaya wa Inna, tawa uwar ta rasu ina ɗan shekara huɗu. Ita ta goya ni, ban samu na rama ba. Inna ta taimaka mini da wannan ladan."

Dariyar Laure ta ɗauke. Ni kuma na ja mayafi na rufe fuska (wai don kunya, amma ba kunya kaɗai nake ɓoyewa ba), na kama kafaɗarsa. Ya yunƙura, taɓo ya sake ni da wata ƙara mara daɗin ji. Ga ni a bayan mijin 'yata kamar jaririya, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ya ɗan zame, na ƙwalla:

"Laure! Ki ce masa ya bi a hankali!"

Alhali bakina yana daidai kunnensa. Na ji bayansa yana rawa, amma bawan Allah bai bari dariyar ta fito ba.

Sai aikin mota. Ba shebur, da farantan gara aka kwashe taɓon gaban taya. Ba katako, aka yi ta karyo sabara ana cusawa. Ya kafa jak, jak ya nutse. Ya sake, ya kuma nutsewa. Ya tsaya yana kallon ƙasa, bai ce uffan ba. Da ya yi mini gori ma da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Laure, miƙa masa kujerar Malam." Ya kife ta a ƙarƙashin jak, mota ta ɗaga, aka cika ramin da duwatsu da ganye. Wani manomi, Malam Buba, ya kwance shanun huɗarsa ya zo da tasa igiyar. Shanu suna ja, mata suna turi, ni ina kan tudu ina salati, har ta fita.

Bayan la'asar muka isa, dangin ango har sun fara watsewa. Alkaki ko ɗaya bai jiƙe ba. Uwar ango ta dube ni sama da ƙasa, ta ara mini zani da silifa ba ta tambayi komai ba. Laure ce ta ba su labari kafin in gama wanke ƙafa.

Kujerar ta tsage a tsakiya. Ya kawo mini ita a wanke, na aika a ce ya bar ta a mota, ta samu aikin da ya fi ɗaukar tsohuwa mai taurin kai. Tun ranar na gane, abin da ya fi muni a cikin kaya, a bar shi inda mai shi ya ajiye. Kuma wanda yake yi maka shiru don kunya, ka saurari 'yar maganar da ya iya furtawa.

Malam Buba ya rasu bara. Laure ta bi shi da azumin nan, Allah ya jiƙansu. Hadiza na nan da 'ya'ya biyu. Saura ni da mai mota. Yanzu ba mai kai mana saƙo, don haka in ya durƙusa a bakin ƙofa, da bakina nake tambayarsa, ina kallon bango: "Katakon yana ciki?" Ya ce, "Yana ciki, Inna."