Yadda Na Zama Ambasada

Ba zan taɓa mantawa ba da watan da aka yi ƙuri'ar raba gardama a kan sabon kundin tsarin mulkin Ghana, a 1992. Wasu suna tuna shi saboda abin da ƙasa ta samu. Ni ina tuna shi ne saboda abin da na jawo wa kaina da bakina da kuma babur ɗin gwamnati.

Ni haifaffen Salaga ne, jikan fataken goro, kuma a lokacin ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare a Yendi. Sojoji sun ce za su mayar da mulki hannun farar hula, ana neman masu ɗan ilimi da za su shiga ƙauyuka su yi wa jama'a bayanin kundin kafin ranar ƙuri'a. Na nema, aka ɗauke ni gwajin wata uku, aka tura ni Bawku, can kusurwar arewa maso gabas. Sharaɗin ba a ɓoye yake ba: wanda ya yi aiki mai kyau za a riƙe shi a ofis, wanda bai yi ba ya koma inda ya fito. Ni kuwa na riga na yi wa malaman Yendi sallamar wanda ba ya sa ran dawowa (har kujerata mai matashi na kyautar wa malamin lissafi, a gaban kowa, da ɗan jawabi). Ke nan komawa ba ta cikin tsarina ko kaɗan.

Kundin nan kuwa na sha shi. Ina cin abinci ina karanta shi, ina jiran mota ina karanta shi. In ka gaishe ni sai in amsa maka da sashe da ƙaramin sashe. Yanzu da nake tunawa, ban san yadda abokan aikina suka jure ni ba.

Shugaban ofishinmu, Mista Ayamba, ɗan yankin ne, mai sanyin magana. Ranar da zan fita ƙauyena na farko ni kaɗai, ya ba ni makullin babur, da takardar da mahalarta za su dangwala yatsa, da akwatin tawada. Sannan ya kwatanta min hanya.

"Ticha, rafi ɗaya za ka tsallake, ɗaya kawai. In ka ga kuka babba, ka bi hagu. In ka ruɗe ka tambaya. Wajen nan boda yana kusa."

Na ce masa, "Masta, kada ka damu." A raina ina cewa wa zai wuce boda bai sani ba? Boda a wurina sandar ƙarfe ce a gicciye, da tuta, da ɗan kwastan mai tumbi yana hura usur.

Abin da Mista Ayamba bai gaya min ba (ko ya ɗauka duk mai hankali ya sani) shi ne, a tsakiyar rani babu rafin da ke kama da rafi. Yashi ne kawai a kwance. Na tsallake yashi, na sake tsallake wani yashin, ina cewa na farkon ai kwari ne. Kuka kuwa duk wadda na gani babba ce. Na zaɓi wadda ta fi min kyau na bi hagu. A wani wuri ma na tsaya na ɗora ƙafa a kan wani guntun dutsen siminti na ɗaure igiyar takalmina, na yaba wa wanda ya ajiye shi don matafiya. Na haɗu da mutane a hanya, amma ban tambayi kowa ba, don ina ganin ba girman jami'in gwamnati ba ne.

Wajen hantsi na isa wani ƙauye. Dattawa suna zaune a gindin mangwaro. Ba kiɗa, ba kujeru, alhali an ce suna jirana. Raina ya ɗan ɓaci, na ce wato saƙo bai iso ba, irin aikin mutanenmu.

Wata mata ta kawo min ruwan gari a ƙwarya, na sha. Wani tsoho mai farin gemu, wanda daga baya na ji ana kiransa Baba Lare, ya gyara zama ya soma gaisuwa da irin Hausar kasuwa da kowa ke ji a yankin. Wanda ya san ƙasar nan ya san gaisuwar baƙo ba ta da gajeriyar hanya. Za a tambayi hanya, a tambayi gida, a tambayi mutanen da ka baro, sannan mai masauki ya faɗa maka garin wa ka sauka, ya tambaye ka wurin wa ka zo. Baba Lare ya kai kan "yaya mutanen gida" ke nan na duba agogo.

"Baba, lafiya lau, kowa lafiya. A yi haƙuri, aikin gwamnati ne, sauri nake. A tara min jama'a."

Ya dube ni, ya dubi babur, ya ce, "To."

Kafin rabin awa gindin mangwaron ya cika. Ban taɓa samun masu sauraro irinsu ba, kafin nan da bayan nan. Ba mai tari, ba mai gyangyaɗi. Na hau kan turmi da aka kife min, na buɗe kundi, na shiga zuba. Ina cikin magana wasu yara 'yan makaranta suka wuce suka ce min "bonjur", gaisuwar Faransanci. Maimakon wannan ya farkar da ni, sai na dakata na yi wa iyayensu faɗa.

"Kun gani? Wannan shi ne illar zama kusa da boda. Ku 'yan Ghana ne, ku riƙe ƙasarku, ku bar kwaikwayon maƙwabta."

Wani ya yi wata 'yar dariya, Baba Lare ya harare shi, ya yi shiru. Ni kuma na ɗauka magana ce ta shige su.

Da na ba da damar tambaya, hannuwa suka tashi. Wani mai saƙar tabarma ya ce, "Malam, in soja ya kama mutum, kwana nawa zai riƙe shi?"

Na ce, "Awa arba'in da takwas, sai a kai shi gaban alƙali ko a sake shi."

Aka yi ta maimaita maganar daga baki zuwa baki, ana juya ta zuwa yaren garin. Matar da ta ba ni ruwa ta ce, "Mace ma zai iya tsayawa a zaɓe shi?" Na ce ƙwarai. Ta dubi mijinta ta gyaɗa kai. Sai Baba Lare da kansa ya ɗaga sandarsa.

"Ka ce shugaba zai yi shekara huɗu, in an so ya ƙara huɗu, ya sauka. In ya ƙi sauka, wa zai gaya masa?"

Gaskiya wannan tambayar ta tsaya min, don kundin bai ba ni amsar da zan iya faɗa wa tsoho ido da ido ba. Na ce kotu, na ce majalisa, na ce ku jama'a. Ya ce, "Mu?" Ya shiga jujjuya abin, kamar mai duba akuya kafin ya taya.

Daga nan na fito da takarda da tawada. Baba Lare ya riƙe yatsansa a sama bai dangwala ba.

"Takardan nan, wane gwamnati zai gani?"

"Gwamnatinku mana, Baba. Akwai wata?"

Ya dangwala, sauran suka biyo baya, har shafi biyu suka cika. Ina kallon yatsun nan ina ganin teburina a ofishin Bawku, da fanka a sama. Don in rufe taro da armashi, na ce kowa ya miƙe mu rera taken ƙasa. Suka miƙe. Na ɗora hannu a ƙirji, na ja baitin farko da iya muryata (wadda ko a masallacin unguwarmu ba a ba ta kiran salla). Na kai tsakiya na lura ni kaɗai nake yi. Na ƙara murya ko za su kama. Ba wanda ya kama.

A nan ne na hango wani mutum a bayan taro, jingine da keke, sanye da kakin da ba irin na 'yan sandanmu ba. Ya jira na gama baitin, ya tako a hankali.

"Misiye, takardunka."

Ni da ban san inda kaina yake ba, na dube shi daga hula zuwa takalmi na ce, "Ni ya kamata in tambaye ka. Me jandarma yake yi a ƙasar Ghana da kaki?"

Baba Lare ya taɓa gefen rigata da sanda, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, irin ta mai gaya wa babba cewa wandonsa ya yage:

"Malam, nan Togo ne."

Har yanzu a kan turmi nake, hannuna a ƙirji. Ban san yadda aka yi na sauko ba. Na dai tuna abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Tun yaushe?"

Jandarman ya karɓi takardar yatsun, ya duba shafi biyun. Nan dariyar da ta fara tashi ta mutu, ni ma kunyata ta koma tsoro. Na gane abin da na yi: na sa talakawan wata ƙasa sun dangwala wa takardar gwamnatin da ba tasu ba, a lokacin da tasu ƙasar take cikin zaman ɗar-ɗar. Ni in an tsananta a kore ni. Su kuwa nan za su kwana.

Baba Lare ya yi masa magana da yarensu, doguwa, yana nuna ni yana nuna ƙwaryar da na sha ruwa. Jandarman ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya miƙa wa matar da ta ba ni ruwa, ta cusa ta cikin wuta ƙarƙashin tukunyar da take dafa wake.

Na ce wa tsohon, "Baba, me ya hana ku gaya min?"

"Zan gaya maka a gaisuwa, ka ce kana sauri. Bayan nan kuma magana ya yi daɗi."

Ya roƙe ni in bar musu kundin, akwai malamin makarantarsu da ke jin Turanci. Na bar musu.

Jandarman ya hana ni tayar da babur a ƙasarsu, don haka tura shi na yi, yana biye da ni da kekensa, rana tana dukan mu. Ya tsaya daidai guntun dutsen simintin da na ɗaure takalmi a kai, ya nuna min haruffan da aka zana a jikinsa. Ashe boda ke nan. Na tsallaka. Na ɗauka zai juya, sai ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Shekara takwas ɗin nan, da gaske ne?"

Na ce, "Haka dai aka rubuta."

Ya ce, "Hm," ya hau kekensa.

Labari ya riga ni isa Bawku, don matan da ke kai albasa kasuwa ba sa jiran babur. Ƙauyen da aka aike ni kuwa sun yini a rana da makaɗa, har zabi suka yanka. Na shiga ofis ba takarda, ba kundi, ba bakin magana. Mista Ayamba ya ɗago daga rubutunsa, ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan rigarsa.

"Ambasada, barka da dawowa. Yaya hulɗarmu da ƙasashen waje?"

Da wata uku suka cika, sunana ba ya cikin waɗanda aka riƙe. Na ji zafin abin sosai, ba zan ɓoye ba. Na koma Yendi, sunan ya biyo ni a motar doya, kuma hedimasta, don tsabar tausayi, ya ba ni darasin labarin ƙasa. Shekara shida ina zana taswirar Ghana a allo, duk na zo kusurwar arewa maso gabas sai in ji aji ya yi wani irin shiru.

Har yau in na sauka a garin da ban sani ba, ko da wuta ce ta kama rigata, sai na zauna an gama gaishe ni tukuna. Na gane cewa kafin ka gaya wa mutane haƙƙinsu a ƙasa, yana da kyau ka bari su gaya maka wace ƙasa ce.