Rasuwar 'Yar Ƙwallon Tankin Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ba ya hana mutum cin abinci, Baba Mai Inji, tsohon mai kula da injin ruwan ƙauyen nan, yake sanar da jama'a rasuwar 'Yar Ƙwallo, wadda ta cika a cikin tankin da take aiki, ruwa ya sha kanta.

Ga wanda bai san marigayiya ba, wata shuɗiyar roba ce da ba ta wuce dunƙulen hannu ba, rataye da waya a cikin tanki. Ruwa ya yi ƙasa, sai ta ce "ƙyas," inji ya tashi. Tanki ya cika, ta sake cewa "ƙyas," inji ya mutu. Iyakar maganarta ke nan a duniya. Ba ta barcin rana, ba ta zuwa biki ta bar mutane da ƙishi, ba a taɓa yi mata gaisuwa da 'yan ƙwai kafin ta saki ruwa ba. Baba Mai Inji ya shaida waɗannan halaye, domin saboda su ne kwamitin ruwan ƙauye ya karɓe makullin ɗakin inji daga hannunsa, aka bar masa wankin tanki kawai.

Ba zai ɓoye ba, ya tsane ta. A zamaninsa tanki kan cika ya tumbatsa yana can yana hira, ambaliyar ta gangara cikin lambunsa da ke gindin tankin, tumatir ya yi ja, alayyafo ya yi shar. Da marigayiya ta zo, ko ɗigo bai ƙara zuba ba. Lambu ya bushe ƙurmus, masu durƙusa masa suka koma ɗaga hannu daga nesa. Matar tela kuwa, wadda gidanta ke ƙarshen layin famfo, ta tsaya a bainar jama'a ta ce roba mara kai ta fi wani mai furfura amana. Ita ce mai wanke shimfiɗar mijinta kowace safiya tun da ciwo ya shanye masa rabin jiki, kuma a zamanin marigayiya ne famfonta ya fara kawo ruwa kullum. Aka yi dariya ranar nan har da tafi. Baba yana tsaye.

Game da jinyar ajali, yana so a sani hannunsa bai taɓa ta ba. Shi dai da yake shi ke leƙa tanki, ya riƙa faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa marigayiya tana kashe inji da sauran ɗani guda kafin ruwa ya kai bakin tanki. Ɗani guda fa, a tanki mai wannan faɗi! Jarka nawa ke nan ake cutar jama'a? Gaskiya ya faɗa, abin da bai ƙara ba shi ne haka aka ƙera ta. To, kwaɗayi mabuɗin wahala. Shugaban kwamiti da kansa ya tattare riga ya hau tsani, ya ɗaure mata tsohon kan gatari a wuya don ta daina saurin tasowa. Ai kuwa ba ta ƙara tasowa ba. Ƙarfen ya yi ta buga ta da bango har ta tsage, ruwa ya cika mata ciki. Inji ya yi ta gurnani, tanki ya yi ta amai, ana jiran "ƙyas" shiru kake ji. Da aka rasa wanda ya san yadda ake kashe injin da hannu, sai ga kwamiti a ƙofar Baba, makulli a tafin hannu, ana Baba a yi haƙuri.

Ta rasu ta bar tanki, da inji, da 'yar waya mai reto, da shugaban kwamiti wanda har yau bai iya haɗa ido da kowa ba. Mai gyara ya ce samun irinta sai an jira, bai ce zuwa yaushe ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya ƙara wa lambu albarka.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a gindin tanki, tsakanin kunyoyin tumatir. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar ɗakin inji, bayan mai makoki ya tashi daga barcin rana. Don girmama mamaciya, layin famfon da ke zuwa ƙarshen gari zai zauna a rufe har a share makoki, kuma Baba ne zai faɗi ranar. An ga matar tela da sassafe tana shanya shimfiɗar da ba a wanke ba. Idan tana da ta'aziyya, ta zo ta yi a gaban mutane, a durƙushe, da murya yadda na baya za su ji.