Koken Malamin Noma da Aka Ɗora wa Lissafi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsara Manhajar Lissafi ta Babbar Sakandare, Allah ya ƙara maka sanyin ofis.

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar iyali da gajiyar taruka, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Sunana Abdulhamid, malami ne ni a wata sakandare da ke gefen Janbako. Ilimin noma na karanta. Shekara uku ke nan da aka ɗauke malamin lissafinmu aka mayar da shi birni. Shugaban makaranta ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce tunda na iya auna gona da igiya, ni ne na fi kusa da lissafi. Tun ranar nake riƙe da aji uku, ɗalibai ɗari biyu da goma sha ɗaya, da kundinku mai albarka. Ga 'yan abubuwan da na ga ya dace ka sani.

Na ɗaya. Kun raba darussa a kan mako goma sha uku, kowane mako da kayansa, babu rata. Tsari ya yi kyau, yallaɓai. Amma a wane mako kuka sa yankewar hanya idan ruwa ya sauka? Ina makon da iyaye ke kwashe yara zuwa noman farko? Ina makonnin da aka rufe makaranta saboda halin da kowa ya sani, wanda na tabbata kuna jin labarinsa a rediyon mota?

Na biyu. Misalanku. Akwai wani mutum a shafi na arba'in da ke cika tafkin wanka da famfo biyu, alhali ruwan na zurarewa ta ƙasa, kuna so a gano awa nawa zai ɗauka. Batulu, wadda ke bin layin burtsatse kafin ta zo aji, ta ɗaga hannu ta tambaye ni ko mutumin yana da hankali, kuma me ya hana shi toshe ramin tukuna. Ban samu amsarta a kundinku ba. Akwai jirgin ruwa da ake hange daga kan hasumiya, akwai jirgin ƙasa da ke tashi ƙarfe takwas daidai. Ga madatsar Bakolori nan kusa da mu, ga magudanan ruwa, ga manoma da ke son sanin takin da fili zai ci. Ba su kai a sa su a littafi ba ne?

Na uku. Kun rubuta cewa malami ya nuna wa ɗalibai a kwamfuta. Muna da kwamfuta ɗaya, tana ofishin shugaba an lulluɓe ta da zane, ana yaye mata shi ranar da sufeto ya zo. Wuta kuwa ba ta taɓa gani ba. Da'ira da ƙusa da igiyar akuya nake zana ta. Ranar darasin layukan da suka zagaye duniya, kankana na kawo daga kasuwa na zazzana da wuƙa. Sun fahimta fiye da kullum, sannan suka cinye duniyar kafin a kaɗa ƙararrawa.

Na huɗu. Na gode da bitar da kuka kira mu Talata Mafara. Kwana biyu aka yi: ranar farko jawabin buɗewa, rana ta biyu jawabin rufewa. Da na tambayi masanin da kuka turo yadda ake koyar da logaridim, sai ya yaba tambayar ƙwarai, ya duba agogonsa.

Na biyar, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Hidaya ita ce ɗalibar da ta fi kowa kai a shekarun da na yi ina koyarwa. Aikin jinya take so, domin garinsu sai an ɗora mai naƙuda a babur zuwa Maradun. Ta ci duk sauran darussan jarrabawar fita da sakamako mai kyau. Lissafi ya kayar da ita sau biyu, a tambayoyin da ban kai su ba, wasu kuma ko da na kai ban iya su ba. Da sakamako na biyu ya fito ta zo har gida, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce kada in damu, ta san na yi iya ƙoƙarina. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Bana za ta sake zama karo na uku, mahaifinta ya ce shi ne na ƙarshe. Ni kuma nakan karanta darasi da safe in koyar da shi da hantsi, shafi ɗaya ne tsakanina da ɗalibaina.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ba na roƙon a rage ko layi ɗaya daga aikinku. Wa ya isa? Alfarma ɗaya nake nema. Ka zo ranar wata Litinin ka koyar da 'yan aji uku babi na goma sha bakwai, minti arba'in kacal. Zan tarye ka a tashar Maradun da babur ɗina, zan ba ka alli. Hidaya za ta zauna a layin gaba. Ni kuma zan nemi wuri a bencin baya da littafin rubutuna, domin tun da nake ba a taɓa koya mini shi ba.

Naka mai biyayya, mai bin umarninku ko da bai gane shi ba,

Abdulhamid Ɗan Asabe
Malamin Noma, mai riƙon ƙwaryar Lissafi
Janbako