Bombon Sannu

Akwai abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba ko da na tsufa haƙora sun zube, shi ne ranar da madam konseye, mai duba aikin malamai, ta zo duba ajina a jardan, wato makarantar yara ƙanana ta unguwarmu a Dogon Dutsi.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Taimako kawai nake yi a jardan ɗin, ina jiran a ɗauke ni aiki sosai, kuma daraktiris, shugabar makarantar, ta gaya mini gaskiya: abin da konseye ta gani a ajina, shi zai sa a ɗauke ni ko a sallame ni. Ta ƙara da cewa a bana abin da ake dubawa shi ne tausayi. Za a ga ko yaro yana damuwa idan ɗan'uwansa ya ji ciwo.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. (Duk lokacin da na faɗi haka, Allah yana shirin nuna mini iyakata.)

Washegari na gwada yaran. Na yi tuntuɓen ƙarya na zube a tsakiyar aji, ina riƙe da gwiwa ina "wayyo". Yara suka fashe da dariya. Wani ma ya ce, "Mushe, sake!" (Haka suke kiran malami.) Na tashi na kaɗe wando, na ce lallai waɗannan zukatansu duwatsu ne, sai an yi dabara.

Dabarar da ƙwaƙwalwata ta haifa ita ce bombo, wato alewa. Na sayo leda guda a kasuwa, na kafa doka: duk wanda ya ga wani ya faɗi ya riga kowa ce masa sannu, yana da bombo. Jama'a, ku zo ku ga tausayi! Kafin mako ya zagayo, ko fensir ne ya faɗi sai an yi masa sannu. Na lura faɗuwa ta yi yawa a lokacin hutu, har wata uwa ta zo tana tambayar abin da ke ƙuje wa ɗanta gwiwa kullum. Na ce mata yaro ne, yana girma. (Allah Ya yafe mini wannan amsa.)

Ranar da konseye ta zo, kabu-kabu ya sauke ta da safe. Dattijuwa ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta zauna a bayan aji. Ni kuwa na sha guga, na cika aljihu da bombo, ina ta bayani da ɗan Faransancin da nake da shi kan yadda na dasa tausayi a zukatan yara.

Ina cikin bayani, yaran suna jira. Sun ga aljihu a kumbure, amma ba wanda ya faɗi tun safe.

Sai Issufu, wani ɗan ƙaƙƙarfa mai gajen haƙuri, ya tashi a hankali ya je bayan Balki, wadda ta fi kowa ƙanƙanta a ajin, ya sa hannu biyu ya hankaɗa ta. Bakinta ya bugu da gefen benci. Kafin ta ma buɗe baki ta yi kuka, ya ce, "Sannu Balki!" ya juyo ya miƙo mini hannu. Sauran suka taso gaba ɗaya: "Sannu! Sannu! Mushe, ni na riga shi!"

Jini na zuba daga leɓen yarinya. Kun san abin da na yi? Wannan shi ne wurin da ya fi yi mini nauyin faɗa. Ban dubi Balki ba. Fuskar konseye na duba, in ga ko aikina ya tafi.

Ita ce ta ratso yaran ta ɗauki Balki, ta danne leɓen da bakin gyalenta. Sannan ta durƙusa ta tambayi Issufu, "Kai, don mi ka ture ta?"

Ya ce, "Yau ba wanda ya faɗi, kuma Mushe ya kawo masu yawa."

Konseye ta dube ni ta saman gilashi. "Mushe, yaran sun yi wa ajinka bayani fiye da kai. Kawo ruwa."

Na ruga ɗebo ruwa, bombo na zubowa daga aljihuna, yara na bi suna tsinta.

Ba a ɗauke ni a wannan shekarar ba. Da yamma daraktiris ta tura ni gidan su Balki in ba da haƙuri. Na tarar da kakarta tana sussukar hatsi, yarinyar na zaune gefe da kumburarren baki. Na durƙusa na ce, "Inna, sannunku, ku yi haƙuri."

Tsohuwa ta ajiye taɓarya, ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗana, ka riga kowa. Sai dai mu gidanga ba mu da bombon ba ka."

Har yanzu ina tare da yara, kuma na daina auna musu zuciya da leda. In wani ya faɗi, ni nake fara durƙusawa in ɗaga shi, su kuma suna kallo. Ashe a ajin nan mutum ɗaya ne ya fi kowa buƙatar darasin, kuma shi ne mai gemu.