Rasuwar 'Yar Aljihu, Armonikar Bilyaminu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙirjin da dama can ba ya ɗaukar kaya, Bilyaminu mai tsaron butik, wato ɗan kanti, a bakin kasuwar Tibiri yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar armonikarsa, wadda aka fi sani da 'Yar Aljihu. Ta cika ranar Talata da hantsi, a bakinsa, tana tsakiyar aiki.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, 'yar abar busa ce ta ƙarfe mai ramuka goma, tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Ta haɗu da Bilyaminu bayan dawowarsa daga Yamai, inda ya yi shekaru yana busa sakso, babbar abar busan nan ta Turawa mai lanƙwasa, a ƙungiyar kiɗan abokinsa Faruku, har tarin fuka ya cinye masa huhu guda. Lokotoro ya ce shi da sakso sai dai kallo. Wansa Abdurrazak ya je ya ɗauko shi, ya ba shi ɗaki da magani da kujerar butik, ya kuma gaya masa cewa shi dai kiɗa ba ya cikin abin da yake so a gidansa, amma ba zai leƙa aljihun mutum ba. A wannan aljihun marigayiya ta yi rayuwarta duka.

An shaide ta da sauƙin kai. Sakso sai an cika mata ciki da iska kafin ta amsa gaisuwa. Ita kuwa baiwar Allah, a hura ta yi magana, a zuƙa ta yi magana. Mutumin da numfashinsa ya koma na awo ya san darajar wannan, don ko iskar da yake ja ya rayu ba ta tafiya a banza.

Sai dai a faɗi gaskiya, an cuce ta. Don waƙoƙin murna aka ƙera ta, shi kuwa duk abin da ya sani na sakso a muryar kuka yake, wadda makaɗa ke kira minar. Ya yi ta dabara. Ya daina farawa daga ramin farko, ya koma na huɗu. Dogon jan da sakso ke yi da numfashi ɗaya ya yanka shi gutsi-gutsi, ƙwalisar da ba ta iyawa ya zubar, abin da ya yi mata zurfi ya ɗaga shi sama. Duk ta haƙura. Amma akwai sauti guda da ba a saka mata ba tun daga maƙera, kuma a kansa waƙar da ya fi so take karyewa ta yi kuka. Sai ya zuƙi rami na uku da ƙarfi, ya lanƙwasa harshe, ya danno muryarta ƙasa kamar mai jan akuya zuwa inda ba ta so. Takan ce wiii, sannan ta sauko ta ce wuuu. Masu sayen sabulu da yawa sun tsaya da canji a hannu saboda wannan wuuu ɗin.

A nan ciwon ajali ya kama ta. Ɗan siririn harshen tagullar da ke cikin ramin ya fara gajiya, muryarta ta dushe. Ana haka Faruku ya aiko da saƙo cewa suna neman sabon ɗanɗano, in Bilyaminu zai iya ɗauko masa waƙar nan a waya yadda take a sakso, to akwai kujerarsa a ƙungiyar a Yamai. Tun da ya dawo Tibiri ba a taɓa buɗe masa wata ƙofa ba sai wannan. Ya san marigayiya ba ta da lafiya, amma ya matsa mata, safe da yamma, tsakanin mai sayen sukari da mai sayen magi.

Ranar Talata ya jingine waya a jikin gwangwanin madara, ya fara. Muryar marigayiya ta yi kyau yadda ba ta taɓa yi ba. Da aka iso wurin kukan ya zuƙa, ta ce ƙit, harshen tagullar ya karye. Abin da waya ta ɗauka a gurbin sautin shi ne numfashinsa, fiii, irin na mai huhu ɗaya. Haka ya aika. Faruku ya saurara, waya ta nuna, har yau bai ce komai ba.

Ta rasu ta bar ramuka tara masu rai, waɗanda ba su iya komai ba sai murna. Ta bar yayarta Sakso, kwance a akwati ƙarƙashin gado, lafiyarta ƙalau, ba mai tashinta. Ta bar Abdurrazak, wanda bai yi ta'aziyya ba, amma an ga ya tsaya a ƙofar butik yana tambayar me ya sa wurin ya yi shiru. Ta kuma bar Bilyaminu, wanda hannunsa ke ta komawa aljihu.

Za a naɗe ta a hankici a sa ta cikin akwatin yayarta gobe bayan la'asar. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su yi fito. Zaman makoki a butik ne, a kujerar da ke fuskantar hanyar da motocin Yamai ke bi, daga buɗewa har rufewa. Ba a sa ranar tashi ba.