Yadda Za Ka Hana Baffa da Madam Obiageli Haɗa Shago

Ka sha jin yadda gwamnatoci ke hana manyan kamfanonin waya haɗewa, wai don kada talaka ya rasa zaɓi. To kai ma za ka iya, ba sai kana da ofis ba. Bi matakan nan, na ba ka garanti haɗewa ba za ta yiwu ba.

1. San abin da za ka rasa

Baffa na sayar da kati da data a bakin Fagge, Madam Obiageli na sana'a iri ɗaya a tsallaken titi, ta Sabon Gari. Saboda gasar da ke tsakaninsu, Baffa na yi maka cajin waya kyauta, Madam ta ƙara da ruwan sanyi da benci mai katifa. Yanzu an ce za su kama shago ɗaya a Titin Ibrahim Taiwo. Ranar da suka haɗe, ranar za ka fara biyan kuɗin caji kamar kowa. Allah ya kiyaye.

2. Naɗa kanka hukuma

Zura babbar riga, kafa hula, maƙala biro a aljihu, ka ce kai ne Shugaban Hukumar Kare Haƙƙin Masu Zaman Benci. Rashin mambobi kada ya dame ka, ai hula ake gani, ba mabiya ba.

3. Tayar da maganar allo

Je ka gaida Baffa cikin ladabi, ka tambaye shi a hankali sunan wa za a fara rubutawa a allon shagon. Kada ka jira amsa. Tsallaka ka gaya wa Madam ka ji ƙishin-ƙishin za a rubuta "Baffa da Sauransu". Shanye ruwanka kafin ta gama zaro ido.

4. Guje wa masu hankali

Wani zai ce haɗewar na da amfani, tunda Madam za ta tsare shago ranar Juma'a, Baffa ranar Lahadi. Yi tari mai ƙarfi, ka kawo zancen ƙwallo. Maganarsa gaskiya ce, shi ya sa.

5. Je ka karɓi sakamako

Abu ɗaya na manta: mai sayar da kati ba ya rasa kuɗin kira. Tuni sun buga wa juna, kowa ya faɗi abin da ka gaya masa.

Za ka miƙa wayarka, Baffa ya dube ta, ya dube ka, ya ce, "Ranka ya daɗe Shugaba, shago dai mun fasa. Amma a kanka bakinmu ɗaya."

Ka tsallaka, ka tarar Madam ta ɗora katan a gurbinka na benci.

Ka ga dai garantina bai faɗi ba.

Gargaɗi: marubuci ba shi da alhakin mutuwar batir ko tsayuwa a rana. Shi ma a tsaye ya rubuta wannan, a bakin Kasuwar Singa, wayarsa na nuna ja. Duk mai soket ya taimaka.